Kwamfutata ta ƙi karɓar afdet, an ce sai an yi mata fomat

Malamar Lissafi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a taimaka min, abin ya ishe ni. Yau kwana tara ke nan laftof ɗina tana min wani abu. In na zo kashe ta sai ta ce za ta yi afdet, ta hau ƙirga, ta kai 30, ta mutu ta sake tashi, ta ci gaba har casa'in da wani abu. Sai na fara murna, sai kawai ta rubuto wai "We couldn't complete the updates. Undoing changes." Ta kuma ɗauki kusan rabin awa tana warware abin da ta saƙa. Washegari in na jona ta da intanet ɗin wayata ta sake zuƙe min data, mu koma gidan jiya. Na kai wa wani yaro mai gyara a bakin titinmu, ko kunna ta bai yi ba ya ce sai fomat. Ni kuma sakamakon ɗalibaina na shekara uku yana ciki, ga tambayoyin gwajin wannan zangon, ga manhajar da makaranta ta sa min wadda ban san inda zan sake samo ta ba. Windows 10 ce.

Sarkin Fomat: Wa alaikumus salam. Anti, gaskiya yaron ya faɗa miki. A kwashe fayilolinki a filash, a wanke ta tas, a zuba sabuwa. Awa ɗaya an gama. Duk wani dogon turanci da za a yi miki a nan ƙarshensa can za a koma.

Injiniyan Zaure: Wa alaikumus salam Malama. Kai kuma Sarki, sunanka ya bi ka. Mara lafiya bai gama faɗin inda ke masa ciwo ba ka ɗauko wuƙar tiyata. Malama, kafin komai, ki shiga Settings, ki danna Update & Security, sai Windows Update, sai View update history. Za ki ga layin da aka rubuta Failed to install, a gefensa akwai wata lamba mai farawa da 0x. Ki kwafo mana ita daidai, kar ki tsallake harafi ko ɗaya. Sannan ki buɗe This PC ki gaya mana giga nawa ya rage a C. Na uku, ki danna maɓallin Windows da R tare, ki rubuta winver, ki faɗi abin da ya fito.

Malamar Lissafi: To Yaya Injiniya. Lambar ita ce 0x80073712, ta fito har sau shida a jere. C ɗin ya yi ja, saura giga 3 da 'yan kai. Winver kuma ta ce Version 22H2.

Injiniyan Zaure: Madalla, yanzu muka san da wa muke magana. Wannan lambar ma'anarta wani fayil da Windows ke buƙata a rumbunta ya lalace ko ya ɓace. Akwai wata folda a cikin Windows mai suna WinSxS, nan ne take ajiye asalin kowane sashe nata. In afdet ya zo, a kan abin da ke cikin rumbun nan yake ɗora sabo. In ya tarar da ɓaraka a ƙasa ba zai iya ɗora gini ba, sai ya janye. Wannan janyewar ita ce "Undoing changes" ɗin da kike gani. Tambayata: akwai ranar da ta mutu tana tsakiyar afdet?

Malamar Lissafi: Innalillahi. Akwai. Batirinta ya daɗe da mutuwa, in aka cire caja ko minti ɗaya ba ta yi. Ranar Laraba waccan tana cikin ƙirgawa, ta rubuta kar a kashe ta, ina kicin ina kwashe tuwo aka ɗauke wuta. Da aka dawo da wutar ta tashi lafiya lau, shi ya sa ban kawo komai a raina ba.

Injiniyan Zaure: To ruwa ba ya tsami banza. Ga dukkan alamu a nan ta samu raunin.

Mai Kafe: Ku yi haƙuri in sa baki. Ni fa shekara bakwai ina da shagon buga takardu, kwamfuta biyar ne a gabana. Duk ranar da na sayo sabuwa abu na farko da nake yi shi ne in shiga services.msc in kashe Windows Update ɗin nan gaba ɗaya. Babu cin data, babu tsayar da kwastoma yana jira ana ƙirga masa kashi-kashi. Malama, ki kashe shi ki huta. Kwamfutarki tana aiki, ko ba ta yi? To me kike nema?

Hajiyar Akawu: Alhaji Mai Kafe, wannan shawarar taka ban yarda da ita ba ko kaɗan. Kai da kullum filash ɗin mutane ɗari ke shiga injinanka, kai ne ma ya kamata ka fi kowa tsoro.

Mai Kafe: Hajiya, shekara bakwai fa na ce. Ban ga komai ba.

Hajiyar Akawu: Ni na gani. Duk sanda na kai filash shagon buga takardu sai na dawo da shi foldodina sun koma shotkot. Ba naka nake nufi ba, amma irinsa.

Injiniyan Zaure: Alhaji, ranka ya daɗe, maganar Hajiya tana kan hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, afdet ɗin nan kuma yawancinsa liƙe tsaga ne. Ka tuna WannaCry a watan Mayu na 2017, cutar da ta kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila? Microsoft ta fitar da maganin ƙofar da cutar ta bi tun watan Maris na shekarar, wata biyu kafin abin ya ɓarke. Waɗanda ta kama galibi waɗanda ba su sa maganin ba ne. Sannan shi kansa Defender, mai gadin da ke cikin Windows, ta wannan hanyar da ka toshe yake samun sunayen sababbin cututtuka. In data ce damuwarka, akwai hanya mai sauƙi. Ka shiga saitin Wi-Fi ɗin da kake amfani da shi ka kunna Set as metered connection. Windows za ta san datar a ƙirge take, ta rage jan manyan kaya sai ka ba ta izini. Manyan afdet na tsaro ranar Talata ta biyu ta kowane wata suke fitowa. Ka ware dare ɗaya a wata, ka sayi datar dare, ka sauke. Kuma tunda injinanka biyar ne a kan layi ɗaya, ka kunna Delivery Optimization ka zaɓi na kwamfutocin cikin gida kawai, in ɗaya ta sauke sauran su ɗiba daga wurinta.

Mai Kafe: Wannan na ƙarshen ban san da shi ba. Amma maganar tsayar da kwastoma fa? Ranar da ake rububin rajistar jarrabawa inji ya ce maka "kar ka kashe ni", layi har waje.

Injiniyan Zaure: Akwai Pause updates, yana ɗage maka har kwana 35. Akwai Active hours, ka gaya mata lokutan aikinka kar ta tashi kanta a ciki. Ɗagewa daban, yankewa daban.

Mai Kafe: Zan duba. Ban ce na yarda ba.

Shugaban Zaure: Jama'a a dawo kan matsalar Malama, an bar ta a tsaye.

Sarkin Fomat: Ni dai ga abin da na sani in ba a son fomat. A buɗe Command Prompt a matsayin admin, a tsayar da wuauserv da bits da cryptsvc da umarnin net stop, a canza wa foldar SoftwareDistribution suna, a canza wa catroot2 suna, a sake tayar da su. Shi ke nan. Kowa ya san wannan.

Injiniyan Zaure: Ƙanena, maganin gaskiya ne, amma ba na wannan ciwon ba ne. SoftwareDistribution wurin sauke kaya ne. In abin da aka sauko da shi ne ya zo a gurguje, ko afdet ya maƙale a kashi 0 ya ƙi motsi, to wannan dabarar taka tana aiki sosai, ni ma ina yin ta. Amma ita Malama kayanta suna sauka lafiya, wurin ɗorawa ne ya lalace. In ta canza wa foldar suna abin da za ta samu kawai shi ne ta sake biyan data a karo na goma.

Malama, ga yadda za mu bi. Da farko ki kwashe fayilolin makaranta zuwa filash ko wani faifan waje, yau ɗin nan, kafin ki taɓa komai. Ba don ina tsoron abin da za mu yi ba, don kwamfutar da ke mutuwa da ɗaukewar wuta ba wurin ajiyar amanar mutane ba ce. Bayan haka ki samar mata wuri. Giga 3 ya yi kaɗan ƙwarai. Ki rubuta Disk Cleanup a wurin bincike, ki danna Clean up system files. Ki duba Videos da Downloads, galibi nan nauyin yake.

Malamar Lissafi: Na gano ɓarawon. Bidiyon bikin ƙanwata ne, mai ɗaukar hoto ya zuba min shi tun bara, giga 31. Har na manta da shi.

Hajiyar Akawu: Kamu da walima da kai amarya duk suna ciki ke nan. Malama, hattara da abu ɗaya. In kin bi ta Settings, Storage, Temporary files, akwai wani akwati da aka rubuta Downloads. Kar hannunki ya kai kansa. Wata abokiyar aikina ta yi masa alama tana zaton shara ce, takardun albashin wata uku suka tafi, ba su ko biya ta kwandon shara ba.

Malamar Lissafi: Allah ya saka Hajiya. Ai ni komai nawa a Downloads yake zaune.

Injiniyan Zaure: Da kin gama, ki nemi wurin da wuta ba za ta yanke ba, mai sola ko inbata. Ki jona intanet, ki cire metered ɗin in kin sa. Ki rubuta cmd a wurin bincike, ki danna dama, ki zaɓi Run as administrator. A baƙin allon ki rubuta wannan daidai, da tazarar da ke gaban kowace sanda:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Shi wannan zai duba rumbun, in ya ga abin da ya lalace ya nemo lafiyayye daga Microsoft ya maye gurbinsa. In ya gama lafiya sai ki bi shi da sfc /scannow. A wannan jerin, DISM tukuna, domin sfc daga rumbun yake ɗibar kayan gyara, in rumbun ruɓaɓɓe ne me zai ɗibo?

'Yar Aji Huɗu: Salam, ku yafe min na shigo tsakiya. Tawa ƙaramar nan ce mai giga 32 duka-duka, tana ba ni 0x80070070. Ita ma DISM ɗin zan yi?

Injiniyan Zaure: A'a ƙanwata. Taki lambar cewa take wuri ya cika, ba wani abu. Irin waɗannan ƙananan Windows kaɗai ta cinye fiye da rabin cikinsu. Ki yi Disk Cleanup, ki mayar da fayilolinki kan katin memori, ki cire manhajojin da ba kya amfani da su. In babban afdet ne, Windows kan ba da zaɓin a sa filash ta ari wuri a kansa.

Hajiyar Akawu: Tunda ana kawo lambobi, ni ma ta ofis ta taɓa damuna da 0x80070643 wata da watanni, alhali sauran afdet duk suna shiga.

Injiniyan Zaure: In a farkon 2024 ne, kusan kowa ya gan ta. Afdet ne mai lamba KB5034441 na watan Janairu, yana gyara ɗan ɓangaren ceto da ke ɓoye a faifai, kuma yana son mega 250 a sarari a wannan ɓangaren, injina da yawa ba su da shi. Ba laifin mai kwamfuta ba ne. Na ga waɗanda aka yi wa fomat saboda ita, bayan kwana biyu lambar ta dawo.

Sarkin Fomat: Oga wannan da ni kake.

Injiniyan Zaure: Ban kama suna ba.

*Washegari da yamma*

Malamar Lissafi: Salam. Ina gidan yayata, suna da sola. Na sa umarnin, ya tafi har 62.3% ya tsaya cak. Minti ashirin ke nan ko motsi. In rufe in sake?

Injiniyan Zaure: Kar ki taɓa. Wannan wurin sananne ne, kusan kowa a nan yake ganin kamar ya mutu, alhali yana aiki a ciki. Ki je ki yi la'asar ki sha shayi.

Malamar Lissafi: Ya gama, amma ba da daɗi ba. Ya rubuta Error: 0x800f081f, "The source files could not be found." Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Sarkin Fomat: Na faɗa tun jiya. Anti, da kin bi tawa da yanzu kina gida kina aikinki.

Hajiyar Akawu: Da yanzu tana yawon neman manhajar makaranta da direban firinta, kana nufin.

Sarkin Fomat: Hajiya, ku fa ba ku san zaman shago ba. Mutum ya kawo inji da safe, da azahar yana tsaye a kanka. Kuɗin aikin bai taka kara ya karya ba. In na zauna ina jiran DISM awa biyu a kan janareta, man da zan ƙona ya fi abin da zai ba ni. Kuma rabin injinan da ake kawo min an riga an zuba musu Windows ɗin da aka yi wa aski, irin waɗanda ake kira Lite, an cire musu hanji don su yi sauri. Waɗannan ko shekara ka yi kana DISM ba za su karɓi afdet ba, don abin da za a ɗora a kai an cire shi da gangan. Me zan yi musu in ba fomat ba?

Injiniyan Zaure: A nan kam ka yi gaskiya, ba zan yi maka musu ba. Wadda aka yi wa aski sai sabon zubi, da asalin Windows daga shafin Microsoft. Haka in faifan ne ke mutuwa, ba fomat ba ma, sai an canza shi. Abin da nake ƙi shi ne a yanke hukunci ba a kunna inji ba. Ka gaya wa mai kaya gaskiya: ga hanya mai sauri da za ta share maka manhajoji, ga mai jinkiri da za ta bar maka komai, kuɗinsu ba ɗaya ba. Ya zaɓa.

Malama, ba mu kai bango ba. Wannan lambar cewa take DISM ya ga ciwon amma bai samo abin da zai maye gurbin ba. Saura hanya ɗaya kafin fomat, kuma ita ce na fi amincewa da ita: a zuba Windows a kan Windows. Za ki samo fayil ɗin ISO na Windows 10 22H2, wato kwafin faifan da ake zuba Windows da shi, daga shafin Microsoft, nauyinsa tsakanin giga 4 da 6 ne gwargwadon hanyar da aka bi aka sauke. Ba za ki tayar da kwamfutar daga filash ba, wannan shi ne hanyar fomat. Kina cikin Windows ɗinki kamar kullum za ki danna ISO ɗin sau biyu, ya buɗe kamar faifan CD, ki danna setup.exe. A shafin farko akwai inda za ki canza yadda zai sauke afdet, ki zaɓi Not right now don ki tsira da datarki. Can gaba zai tambaye ki abin da za a bari. Ki tabbata an zaɓi Keep personal files and apps. Zai sake gina rumbun gaba ɗaya sabo, fayilolinki da manhajojinki suna nan inda suke.

Sarkin Fomat: Anti, kar ki ƙona data. Ina da ISO ɗin a filash, na asali ne, ni na sauke da hannuna. Ki turo yaro shago gobe ya karɓa, kyauta. Don Oga ya san ba mugunta ce ke sa mu fomat ba.

Malamar Lissafi: Kai amma na gode ƙanena, Allah ya yi albarka. Zan turo ɗan yayata bayan azahar.

*Bayan kwana biyu*

Malamar Lissafi: Jama'a tsugune ba ta ƙare ba. Na bi komai yadda aka ce. Da na zo wurin zaɓin, na farkon, wato mai barin fayiloli da manhajoji, ya yi fari-fari ba ya dannuwa. Saura "personal files only" da "Nothing". A ƙasa an yi wani rubutu da ke maganar harshe. Ban danna komai ba, na rufe.

Injiniyan Zaure: Kin kyauta da kika rufe. Bari in yi tunani, Home ce ko Pro?

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, ku gafarce ni, ina karatu tun shekaranjiya ban tanka ba. Wanga abu mun san shi sarai nan wajenmu, don kullum muna cikinsa. Injinanmu da yawa da Faransanci suke zowa, in ka kawo ISO na Ingilishi ka ce za ka zuba bisa, haka zaɓin nan yake mutuwa. Dole harshen ISO ya zama ɗaya da harshen da aka fara zuba Windows ɗin da shi, ba wanda aka sauya daga baya ba. Kuma Ingilishin ma biyu ne wajensu, na Amurka da wanda suke kira English International, na Ingila. Malama, ki koma baƙin allon nan a matsayin admin ki rubuta DISM /Online /Get-Intl ki gaya muna mi ya fito a layin Default system UI language.

Malamar Lissafi: Ya rubuta en-GB.

Ɗan Maraɗi: To shi ne. Injinki na Ingila ne. Na Sarki kuwa na tabbata en-US ne.

Sarkin Fomat: Na Amurka ne wallahi. Shekarata nawa a wannan sana'a ban taɓa lura ba, don mu in za mu wanke inji harshe ba ya hana mu.

Injiniyan Zaure: Malam na Maraɗi, Allah ya ƙara sani. Ni hankalina ya tafi wani wuri. Malama, da ma 'yar Landan kika saya?

Malamar Lissafi: Haka mai shagon ya ce, kuma alamar fam ce a kan maɓallin 3. Ashe da gaske yake.

Ɗan Maraɗi: Tunda na buɗe baki, in ƙara ɗaya don masu tsofaffin injina. Ku riƙa duban agogo. Nawa na tebur ya yi wata biyu yana ba ni 0x80072F8F, na yi duk dabarun da aka lissafa a nan, ashe kwanan wata ne ya koma shekarun baya. Ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon inji, CR2032, shi ya mutu. In kwanan wata ya kauce, injin ba ya yarda da takardar shaidar sabar Microsoft, sai ya ƙi magana da ita. Na canza batir, na gyara agogo, afdet ya wuce.

Sarkin Fomat: Anti, yau da dare zan sauke na Ingilan da datar dare, ai ni ma zai min amfani. A dawo min da filash ɗin gobe in zuba.

*Ranar Lahadi*

Malamar Lissafi: Alhamdulillahi! 'Yan zaure an yi nasara. Zaɓin ya dannu. Ta ɗauki kamar awa ɗaya da rabi, ta mutu ta tashi sau uku, ni da yayata muna zaune muna kallon ta kamar masu jiran mai naƙuda, na hana yara kunna talabijin kar su janye solar. Da ta dawo komai yana nan, har hoton da ke kan allon. Manhajar makaranta ta buɗe. Na shiga Windows Update, ta sauke na wannan watan, ta ƙirga har 100, babu "Undoing". Sai dai C ya sake raguwa, na ga wata sabuwar folda wai Windows.old.

Injiniyan Zaure: Barka Malama. Windows.old tsohuwar ce aka ajiye miki ko za ki so komawa. Ki bar ta, bayan kwana 10 Windows za ta share ta da kanta. Kuma ba sai kin nemi afdet na watannin da suka wuce ba, na kowane wata yana ɗauke da na baya a cikinsa.

Mai Kafe: To ina taya murna. Amma bari in tayar da wata. Duk wannan wahalar ta kwana shida, ba wata mai zuwa ne, wato Oktoban 2025, za a daina ba Windows 10 afdet ɗin ba gaba ɗaya? Ashe ni da na kashe nawa na riga ku isa inda za ku.

Injiniyan Zaure: Alhaji ba ka da dama. Gaskiya ne, 14 ga Oktoba 2025 ne ranar ƙarshe. Kwamfuta ba za ta daina aiki ba, liƙin tsaga ne zai tsaya. Amma Microsoft ta buɗe wani shiri mai suna ESU na ƙarin shekara ɗaya, zuwa 13 ga Oktoba 2026. Ana shiga da asusun Microsoft, ko dai ka biya dala 30, ko ka ba da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko ka kunna ajiyar saitunanka a asusun ba tare da biyan kuɗi ba. Sharaɗinsa inji ya kasance a kan 22H2 kuma ya karɓi afdet na baya-bayan nan. Ka ga ta Malama yanzu ta cancanta. Naka biyar ɗin da ka toshe tun shekara bakwai, Allah kaɗai ya san a wace shekara suka tsaya.

Hajiyar Akawu: Alhaji a yi winver a turo mana mu sha kallo.

Malamar Lissafi: To me zai hana in hau Windows 11 kawai in huta?

Injiniyan Zaure: Ki duba Settings, System, About, ki karanto abin da ke gaban Processor.

Malamar Lissafi: Intel Core i5-6300U.

Injiniyan Zaure: Shidan farkon nan na nufin zubi na shida ne. Windows 11 daga zubi na takwas take karɓa a hukumance, ban da 'yan ƙalilan, tare da wasu matakan tsaro biyu na inji, TPM 2.0 da Secure Boot. Taki ba ta cikin jerin.

Sarkin Fomat: Da manhajar Rufus, mai haɗa filash ɗin zuba Windows, ana tsallake wannan shingen, na zuba wa irinta sun fi ashirin, suna tafiya sumul.

Injiniyan Zaure: Suna tafiya, ban musa ba. Amma Microsoft ta faɗa a fili ba ta ɗauki alkawarin afdet ga irin waɗannan ba, kuma babban sabuntawa na shekara ba ya zuwa musu da kansa, sai an sake bi da hannu. Kai za ka iya, don aikinka ne. Malama da ke da sakamakon ɗalibai a ciki, ni ESU zan ce ta shiga, ta samu shekara guda tana tara kuɗin wata.

Sarkin Fomat: Shekara guda kamar gobe ne Oga. Za ku dawo layina.

Hajiyar Akawu: Ku bar maganar shekara. Malama, batirin fa? Wata mai zuwa ma akwai Talata ta biyu, kuma masu wuta ba su san da ita ba.

Malamar Lissafi: Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Sai an yi albashi. Kafin nan na ɗage afdet ɗin, ranar da zan yi shi zan ɗauke ta mu tafi gidan Yaya. Sarki, ana samun batirin irin tawa a wajenku, mai kyau ba wanda zai kumbura bayan wata biyu ba?

Sarkin Fomat: Ana samu Anti. Ki juya ta ki ɗauko min hoton takardar da ke manne a ƙasanta, in duba lambar gobe in na shiga kasuwa. Kuma a dawo min da filash ɗina, ɗan yayarki ya ce zai kawo tun jiya.